Yaron Da Ba A Yi Wa Kaciya Ba: A Daina Jan Fatar Da Ƙarfi

Iyaye mata, kakanni da masu raino, maganata ta yau a kan 'ya'yanmu maza ce, 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu, waɗanda ba a kai ga yi musu kaciya ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen yara, kuma da wuya mako ya fita ba a kawo mana yaro yana tsala ihu in zai yi fitsari ba, bakin gabansa ya yi jawur ya kumbura. Uwar takan fara da sunkuyar da kai, wai ita ce ta yi sakaci da tsabta. Amma in na zaunar da ita na tambayi yadda take yi masa wanka, sau da yawa sai in ga ba ƙazanta ce ta jawo ba. Wankin ne ya wuce ƙa'ida, aka kai hannu inda bai kamata a kai ba.

A birane yanzu mutane da dama suna yi wa jariri kaciya tun kafin a yi arba'in. Duk da haka tsohuwar al'adarmu tana nan daram a gidaje masu yawa: a bar yaro sai ya kai shekara shida, bakwai ko takwas, a jira hunturu, a tara shi da sa'o'insa a kira wanzami. Malaman Malikiyya ma sun fi son a yi ta a shekarun da ake fara umartar yaro da salla. Ke nan akwai dubban yara da za su shafe shekaru da loɓarsu, alhali babu wanda ya taɓa zaunar da uwa ya gaya mata yadda ake kula da wurin. Kunya ta hana ta tambaya, kunya ta hana a gaya mata. Sai kowacce ta yi abin da ta ga ya dace.

Abu na farko da nake so ya zauna a zuciyar kowace uwa shi ne, fatar nan a manne take da kan gaban yaro tun daga haihuwa, kamar yadda farce yake manne da naman yatsa. Haka Allah Ya halicce ta, ba ciwo ba ne, ba toshewa ba ce. Wani likitan yara a Ingila mai suna Douglas Gairdner ya duba jarirai a 1949, ya tarar huɗu kacal cikin ɗari ne fatarsu ke iya komawa baya gaba ɗaya lokacin haihuwa. A 1968 kuma Jakob Øster ya bi diddigin 'yan makaranta a ƙasar Danmak shekara bayan shekara, ya ga cewa a tsakanin 'yan shekara 6 zuwa 7, takwas cikin ɗari bakin fatarsu bai saki ba tukuna, amma zuwa shekara 16 da 17 saura ɗaya cikin ɗari, ba tare da an yi musu komai ba. Da kanta take rabuwa, sannu a hankali, kowane yaro da lokacinsa. Ɗan shekara biyu da fatarsa ba ta buɗewa lafiyarsa ƙalau muddin fitsari na fita.

To me ke faruwa in aka ja ta da ƙarfi? Tsagewa take yi. Wani lokaci har jini ya fito, wani lokaci tsagar ƙarama ce ido ba ya gani, sai dai yaro ya ƙwalla ƙara in fitsari ya taɓa wurin. Ta nan ƙwayoyin cuta ke samun ƙofa. In tsagar ta warke sai ta bar tabo, tabo kuwa ba ya miƙewa kamar lafiyayyar fata, sai bakin ya ƙara tsukewa fiye da da. Uwa ta ga ya tsuke, ta ƙara ƙarfin ja. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Kakanni ne suka fi yi mini gardama a nan. Wata dattijuwa da ta rako jikanta na tambaye ta, "Inna, wa yake buɗe masa wajen wanka?" Ta ce, "Ni ce mana, 'yar nan. Ba ki ga farin dattin da ke taruwa a ciki ba? In ba a fitar ba ai ruɓewa zai yi." Wannan farin abu da take nufi ba mugunya ba ne, ba kuma datti ba. Matattun ƙwayoyin fata ne da ɗan maiƙon jiki, kuma taruwarsu na cikin abin da ke raba fatar da kan gaban a hankali. Wani lokaci har yakan dunƙule ya yi ɗan ƙullutu fari ko rawaya-rawaya da ake hangowa ta ƙarƙashin fata. Ba ya ciwo, ba ya wari, da kansa yake fitowa in lokaci ya yi. Kada a matse shi, kada a zura tsinken auduga a ciro shi. Haka ma in kika ga fatar ta cika da fitsari ta ɗan kumbura yayin da yaro ke fitsari sannan ta sace, ba abin tashin hankali ba ne in dai fitsarin na zuba sosai kuma ba ya kuka.

Wankan da ya dace ba shi da wuya ko kaɗan. A wanke waje kawai da ruwa mai ɗumi, daga sama zuwa ƙasa, a tsane da tsumma mai laushi. Babu soso, babu sabulu a bakin fatar. Ranar da ta saki, yaron da kansa zai fara ganowa, a lokacin sai a koya masa ya ja a hankali, ya ɗauraye da ruwa, ya mayar da ita yadda take.

Jan da kumburin da ake kawo mana, mafi yawansu ƙonewar fata ce kawai ba ƙwayar cuta ba. Famfas ɗin da ya kwana ya wuni a jikin yaro saboda tsada, musamman a zafin bazara, shi ne kan gaba. Fitsari da kashi su jiƙa wurin na sa'o'i, zufa ta haɗu da su. Sai sabulu mai ƙamshi, da Dettol da ake ɗigawa a ruwan wanka, da wandon da aka wanke da omo ba a ɗauraye sosai ba. Yaron da ke yawo tsirara yana zama cikin ƙasa yana wasa da gabansa da hannu mai datti shi ma yakan samu. Kada kuma a manta da cizon cinnaka ko tururuwa: fatar wurin sakakkiya ce, cizo ɗaya sai ta kumbura suntum cikin sa'a guda, uwa ta gigice, alhali yaron ƙaiƙayi kawai yake ji.

In abin bai wuce ja da ɗan kumburin baki ba, yaro na fitsari, babu zazzaɓi, ana iya farawa a gida. A zuba ruwa mai ɗumi a baho mai tsabta, ɗumin da gwiwar hannunki za ta jure ba tare da kin janye ba, a sa ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a lita ɗaya, ko ma a bar shi zalla, a zaunar da yaro ciki minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a rana. Na san mun saba da ruwa mai tururi wajen wankan jego da gashin cibiya, amma wannan ba wurinsa ba ne. Idan yana tsoron fitsari saboda zafi, a bar shi ya yi a cikin ruwan, ya fi masa sauƙi, sai a zubar a sake wani a ɗauraye shi. A tsane, a shafa basilin marar ƙamshi a bakin fatar ta waje, a bar shi ba famfas gwargwadon hali a kan tabarma mai tsabta. A ba shi ruwa ya sha da yawa, domin fitsarin da ya tsinke bai kai mai kauri raɗaɗi ba. In ciwon ya dame shi a ba shi farasitamol na yara daidai nauyinsa, miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo, kada ya wuce sau huɗu a yini da dare. Yawanci cikin kwana biyu zuwa uku za a ga sauƙi.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne abubuwan da muke tararwa an shafa kafin a zo. Man zafi, man goge baki, toka, garin kafso da aka fasa aka barbaɗa, ruwan bagaruwa mai kauri, har da turare. Sai kuma mayukan nan na kemis masu haɗin magani uku a bututu ɗaya, waɗanda wasu ke zubawa cikin man shafawar jarirai wai don fata ta yi haske. Akwai sinadarin sitiroyid mai ƙarfi a cikinsu. Ja zai ɓace cikin kwana ɗaya, uwa ta yi murna, amma cutar na nan tana yaɗuwa a ƙarƙashi, fatar kuma tana sirancewa, ga shi a cikin famfas jiki ya fi zuƙar maganin. Mu ma a asibiti mukan rubuta man sitiroyid ga yaron da bakin fatarsa ya tsuke har yana ba shi matsala, amma da awo, na makonni huɗu zuwa takwas, muna dubawa. Wannan daban, shafe-shafen kai daban.

Idan kwana biyu suka wuce babu sauƙi, ko mugunya mai wari na fita, ko jan ya haura jikin gaban, a kawo shi a duba. Wani ciwon na ƙwayar bakteriya ne, yana buƙatar maganin shafawa ko na sha. Wani kuma na fangas ne, irin wanda ke sa farin baki ga jarirai, yakan biyo bayan zawo ko shan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai, kuma maganinsa daban ne, irin su kulotirimazol. Idon ma'aikacin lafiya ne ke bambance su, shi ya sa sayen sirof a kemis bisa kwatance yake zama asarar kuɗi. Yaron da ke da zazzaɓi tare da kukan fitsari kuwa sai an gwada fitsarinsa, domin ciwon mafitsara kan ɓuya a bayan abin da kowa ke kira maleriya, kuma in ya yi ta maimaituwa yana iya taɓa ƙoda.

Akwai kuma halin da ba a jiran gari ya waye. Mafi hatsari shi ne a ja fatar baya ta maƙale a bayan kan gaban ta ƙi dawowa. Tana zama zobe ta shaƙe wurin, jini ya shiga ya kasa fita, kan ya yi ta kumbura, daga ja ya koma shuɗi-shuɗi ko baƙi. Kowace sa'a da ta wuce mayar da ita na ƙara wuya. In aka zo da wuri, da maganin kashe zafi da matsawa a hankali muke mayar da ita cikin 'yan mintuna. In aka kwana ana shafa mai ana addu'ar ya sace, sai an kai ga ƙaramar tiyata. Kusan duk wanda na gani da wannan matsala, a wajen wanka aka ja aka manta ba a mayar ba. Haka nan yaron da ya shafe sa'o'i takwas bai yi fitsari ba, ko yana yunƙuri sai ɗigo, mararsa ta ɗaure. Da wanda kumburin ya bazu zuwa maraina ko mara ga zazzaɓi. Duk asibiti za a nufa nan take. A kuma duba da kyau ko silin gashi ko zare ya naɗe gaban, domin yakan nutse cikin kumburi har ba a ganinsa. Idan kuwa kumburin ya haɗa da fuska da ƙafafu, to maganar ta wuce fata, ana duba ƙoda da tamowa.

Iyaye maza su ne kan yanke hukunci da zarar sun ji labari: "A kira wanzami gobe a cire a huta." Alhaji, a yi haƙuri tukuna. Ba a yanka fatar da ke kumbure tana fitar da mugunya. Jini ya fi zuba, ba a gane iyakar da za a yanka, cutar kuma na iya shiga sabon rauni. A warkar da ciwon, a bar wurin ya koma daidai, sannan a sa rana. Ciwo sau ɗaya ba ya wajabta gaggawar kaciya. Amma yaron da abin ke dawo masa a kai a kai, ko wanda bakin fatarsa ya yi farin tabo mai tauri, ko mai yawan ciwon mafitsara, mu da kanmu mukan ba da shawarar a matso da ita kusa maimakon jiran shekara bakwai.

Kafin a yi ta, ko a asibiti ko a gida, a tabbata wani ma'aikacin lafiya ya duba yaron. In ƙofar fitsarinsa ba a tsakiyar kai take ba, tana ƙasa, kada a kuskura a yi masa kaciya, domin da wannan fatar likitocin tiyata ke gyara wurin. In a dangin uwa akwai mazan da jininsu ba ya tsayawa da wuri bayan rauni, ko yaron mai sikila ne, a faɗa tun kafin a taɓa shi, kuma tasa kaciyar a asibiti za a yi. A tabbata ya kammala rigakafinsa, wanda ya haɗa da na tetanus, kuma kowane yaro da askarsa sabuwa, ba a yi wa yara goma da guda ɗaya.

Roƙona ga duk wadda ta karanta wannan: ki gaya wa duk mai yi wa ɗanki wanka, kaka ce, 'yar aiki ce ko yayarsa, cewa waje kawai ake wankewa, ba a ja. In kuma kin ga fatar ta maƙale a baya, ko fitsari ya tsaya, ki goya shi ki taho asibiti ko da tsakar dare ne.