Kiwon tsutsar kaɗe: abin lura idan ta zo shiga ƙasa

Daga Yuli zuwa Agusta, wanda ya bi dajin Kaoje ko hanyar Tsamiya zuwa Segbana a ƙasar Benin zai iya cin karo da kaɗen da tsutsa ta yi wa aski ƙwal. Nufawa da Yarbawan Kwara suna cinta, a Bobo-Dioulasso ma sana'a ce babba. Masu gwada kiwonta a gida kuwa kukansu ɗaya ne: ta ci ganye ta yi ɓul-ɓul, da ta zo rikiɗa sai mutuwa.

Galibi daga mai kiwon ne. Wannan tsutsa ba ta saƙa gida kamar tsutsar tsamiya da ake samun zaren aikin riga daga gare ta. Ƙasa take shiga. Bayan kamar mako 6 tana ci, za ka ga ta bar ganye, ta zubar da abin cikinta, ta tsuke, tana ta kewaya kwandon da kake kiwonta a ciki. Kada ka ɗauka ciwo ne, makwanci take nema. Ka tanadi tukunya mai huji a gindi, ka zuba ƙasar gindin kaɗe mai laushi, zurfin taƙi guda. Danshin ya zama idan ka dunƙula ta kama, idan ka taɓa ta wargaje. Ruwa ya yi yawa, funfuna ta rufe ta. Ƙasa ta bushe ƙarau, ta maƙale cikin tsohuwar fatarta. Wadda ta maƙale kada ka ja mata fatar, yagewa za ta yi.

Sannan a bar tono! Fitinar yara ke nan, har da manya. Ka ba ta mako 2 kafin ka duba. Mai lafiya baƙi-baƙi ce, da tauri da nauyi. Mai wari ko taushi ka fitar da ita nan take. Wadda ta zama fanko da ɗan huji, ƙwaro ne ya yi mata ƙwai tun tana kan ganye, don haka rufe kwando da gidan sauro tun farko ya fi.

Tun tana ci kuma, kada ka tsinko mata ganye kusa da gonar auduga ko wake da aka yi wa feshi, musamman ta tsallaken iyaka, ɓangaren Benin, inda auduga ta yawaita.

Ka ɗora tukunyar a inuwa, inda kaji, ɓera da tururuwa ba sa kaiwa. Za ta kwana wajen wata 9, sai farkon damina ta fito da fuka-fukai. Ka kafa mata ƙirare ta hau ta buɗe su, in ba haka ba su bushe a nannaɗe.