Me Ke Faruwa a Jikin Mai Karanta Labarin Kisan Kai?

Gabatarwa

Sau da yawa ɗalibi kan buɗe littafin ƙagaggen labari na kisan kai da dare, ya ji gabansa yana faɗuwa, tsikar jikinsa tana tashi, yawun bakinsa ya kafe, alhali kuwa babu abin da ke gabansa sai takarda da tawada. Wani kuma ya karanta littafin nan dai, ya yi hamma, ya ajiye. Wannan darasi zai duba dalilin haka ta fuskar kimiyyar rayuwa, tare da misali daga wani sanannen littafi na ƙasar Rasha.

Littafin da masu karatunsa

A shekarar 1866 ne marubuci Fiyodo Dostoyefski ya fitar da littafinsa mai suna Laifi da Hukunci, kashi-kashi a wata mujalla ta wata-wata. Labarin wani matalaucin saurayi ne, Raskolnikof, wanda talauci ya raba shi da jami'a. Ya ɗauki gatari ya kashe wata tsohuwa mai ba da rance a kan jingina, sannan ya haɗa da ƙanwarta da ta shigo ba zato. Mai karatu ya san wanda ya yi kisan tun daga farko. Abin da ke riƙe shi shi ne zaman da yake yi a cikin zuciyar mai laifin, da zazzaɓinsa, da firgitarsa duk sa'ad da aka ƙwanƙwasa ƙofa, har ranar da ya kai kansa ga hukuma.

A 1886, marubucin ƙasar Sikotilan, Robert Louis Stevenson, ya bayyana a wata wasiƙa cewa karatun littafin ya zame masa kamar jinya. A wasiƙar nan dai ya ce abokinsa Henry James, wanda shi ma marubuci ne, ya kasa kai littafin ƙarshe, kuma mutane da yawa ba ya ba su sha'awa. Littafi ɗaya, amma kowa da yadda ya ji.

Aikin ƙwaƙwalwa da jini

A can cikin ƙwaƙwalwa, dama da hagu, akwai wani ɗan sashe da bai fi ƙwayar gurjiya girma ba, wanda ake kira amigidala. Yana cikin sassan da ke fara ankarar da jiki idan haɗari ya tunkaro. Daga nan saƙo kan bi jijiyoyi zuwa wasu ƙullutai biyu da ke bisa ƙoda, su zuba sinadarin adirenalin a cikin jini. Sai bugun zuciya ya ƙaru, numfashi ya yi sauri, hanta ta saki sukari, jini ya karkata zuwa tsokar hannu da ƙafa, narkar da abinci ta lafa. Walter Cannon na Jami'ar Harvard ne ya yi cikakken bayanin wannan shiri a 1915: jiki yana ɗaura ɗamarar faɗa ko gudu.

Wata Ba'amurkiya da masana ke kira S.M., don sakaya sunanta, ta nuna muhimmancin amigidala. Wata cuta ta gado ta lalata mata wannan sashe a ɓangarorin biyu. A binciken da masana na Jami'ar Iowa suka buga a 2011, an kai ta gaban macizai, an nuna mata finafinan ban tsoro, amma ba ta razana ba, ko da yake tana jin farin ciki da baƙin ciki kamar kowa.

To, yaya rubutu ke tayar da wannan shiri? A 2009, masana a Jami'ar Washington ta birnin St. Louis sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane suna karatun labari. Sun gano cewa idan wani a cikin labarin ya kama wani abu ko ya sauya wuri, sassan ƙwaƙwalwar mai karatu da ke kula da irin wannan aiki a zahiri su ma suna motsawa. Wato ƙwaƙwalwa tana kwaikwayon abin da ake karantawa. Saboda haka idan Raskolnikof ya laɓe a bayan ƙofa da gatari a hannu, jikin mai karatu ma yakan laɓe tare da shi.

Me ya sa ake jin daɗi?

Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke bayan goshi, shi ne ke auna al'amura. Ya san cewa mai karatu yana kan tabarmarsa, kuma yana iya rufe littafin duk lokacin da ya so. Don haka tsoron ba ya kai wa ga gudu. Ban da wannan, Dolf Zillmann ya nuna a 1971 cewa tashin da jiki ya yi ba ya kwantawa nan take, kuma ragowarsa tana ƙara ƙarfin duk abin da mutum ya ji daga baya. Shi ya sa ajiyar zuciyar da ake yi idan labari ya warware take da daɗi.

Bambancin masu karatu kuwa yana da tushe a halitta da kuma tarihin rayuwa. Tun 1964 Marvin Zuckerman ya tsara ma'aunin da ke nuna cewa wasu mutane sun fi wasu son abin da ke kaɗa hantar ciki. Wanda ya taɓa ganin tashin hankali da idonsa kuma, labari na iya fama masa tsohon miki.

Abin lura ga malamai

Tausayin mai laifi a cikin labari ba alama ce ta mugun hali ba. Aikin kwaikwayon nan ne na ƙwaƙwalwa. A Janairun 1866 wani ɗalibi mai suna Danilof ya kashe wani mai ba da rance da 'yar aikin gidansa a Mosko, mutane suka yi mamakin kamannin kisan da na littafin. Amma kisan ya auku ne kafin kashin farko ya isa hannun jama'a. Abin da ya fi dacewa a kula da shi shi ne barci, domin jikin da ya tashi ba ya saurin kwanciya. Ɗalibin da ke yawan mugun mafarki, ko ya kasa barci kwana da kwanaki bayan karatu, ya kamata ya ajiye littafin, malami kuma ya saurare shi ba tare da ba'a ba.

Gwaji a aji

Ɗalibi ya zauna shiru minti 5, ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa, ya ƙirga bugun jijiya na daƙiƙa 15, ya ninka sau 4. Ga baligi mai hutawa, adadin yakan kama daga 60 zuwa 100 a minti. Sai malami ya karanta wani sashe mai tayar da hankali na labarin da ya dace da shekarun 'yan ajin, a sake ƙirgawa nan take, da kuma bayan minti 10. A rubuta sakamakon kowa a allo, a kwatanta. Hausawa sun ce jiki magayi.

Tambayoyi

1. Bayyana hanyar da saƙo ke bi daga amigidala zuwa zuciya.
2. Me ya sa bakin mai jin tsoro ke bushewa?
3. Kawo dalilai biyu da za su iya bambanta Stevenson da James.