Wayar salula a gadon asibiti

Darasinmu na yau a kan samari da ƴan mata ne waɗanda aka kwantar a asibiti, da wayar nan da ba ta barin hannunsu.

Duk wanda ya taɓa jinya a Maradi ko Damagaram ya ga abin da idonsa. Yaro ɗan shekara 15 yana kwance, ana yi masa ƙarin ruwa a hannu guda, ɗaya hannun kuwa yana riƙe da waya. Kada mu yi gaggawar ƙwace ta. Tana ɗebe masa kewar gida da ta abokai. Da ita kuma ake kiran ƙauye a aiko da kuɗin magani.

Inda gizo ke saƙa shi ne da dare. Masana kiwon lafiya sun ce matashi mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10 a kowace rana, balle wanda ciwo ya kayar. Cikin barci jiki yake gyara kansa. To, hasken waya yana ruɗar ƙwaƙwalwa, sai ta ɗauka gari bai yi duhu ba, barci ya ƙi zuwa. Ga kuma hira da kallo da ba su ƙarewa, ga ƙara tana damun na gadon kusa. Saboda haka, in an yi sallar lisha, mai jinya, uwa ce ko uba ko wa, ya karɓi wayar da lallami, ya ajiye ta sai da safe.

Abu na biyu ƙazanta ce. Waya tana shiga makewayi, tana hawa gado, tana bin hannun masu dubiya. Ƙwayoyin cuta, waɗanda ido ba ya gani, suna manne mata, daga nan su koma hannu, su shiga baki. A kashe ta kullum, a goge ta da auduga mai ɗan alkol, amma kada a zuba mata. A wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

Kada yaro ya ɗauki hoton wani majinyaci, domin ciwon mutum sirrinsa ne. Maganin da ya gani a WhatsApp kuwa, kada ya sha sai ya tambayi likita. In akwai na'ura kusa da gadon, a tambayi ma'aikatan ɗakin kafin a kunna waya ko a sa ta caji.