Darasin Lafiya: Ciwon Jiki da Maganin Kitsen Jini

'Yan'uwa manoma, a cikinmu akwai masu hawan jini da ciwon suga waɗanda likita ya rubuta wa ƙwayar rage kitsen jini, wato kolestarol. Sunan dangin maganin statin, kamar simvastatin da atorvastatin. Aikinsa shi ne hana hanta yin kitsen da yake toshe jijiyoyi, don kare mu daga ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

To, wasu in sun fara sha sai su ji tsoka tana ciwo. A nan ƙasar Garki, wanda ya wuni yana huɗar gero ko yankan riɗi, ina zai rasa ciwon jiki? Yaya za mu rarrabe?

Gajiyar gona takan sake mu bayan hutun kwana ɗaya ko biyu. Ciwon maganin kuwa yakan zo cikin makonni ko watannin farko, ya kama cinyoyi ko kafaɗu ko sha-raɓa, dama da hagu tare, hutu kuma ba ya korarsa. Wani ma tashi daga tabarma sai ya gagare shi. A 2022 masana a Oxford ta Ingila sun haɗa gwaje-gwaje masu yawa, suka ga cewa cikin masu kukan tsoka goma, fiye da tara ba maganin ne ya jawo musu ba. Saboda haka kada mu watsar da ƙwayar a ɓoye. Mu koma wurin likita. Yana iya auna jini, ya rage yawanta, ko ya sake wata.

Amma akwai alamar da ba ta jira. In ciwon ya tsananta, jiki ya mutu, fitsari ya koma kamar ruwan shayi, tsoka ce take narkewa, tana kuma iya kashe ƙoda. Ba a cika samun haka ba, amma shi ya sa aka janye cerivastatin daga kasuwa a 2001. A dakatar da maganin, a tafi babban asibiti a Ringim, Gumel ko Dutse a ranar. Kada a tsaya kemis sayen diclofenac, don ƙara wa ƙoda wahala yake yi.

Haɗa statin da erythromycin, clarithromycin ko wasu magungunan ƙanjamau yana ƙara hatsarin. A taron ƙungiya na gaba, bayan addu'a, magatakarda ya tuna wa kowa ya riƙa tafiya asibiti da kwalayen dukan magungunan da yake sha, har da na gargajiya.