Filashin Waya Ba Ya Makantar da Jariri

Jita-jitar nan ta sake zagayo unguwar Zogbeli, kuma ta ishe ni. Kusan duk ranar awo sai wata uwa ta tambaye ni ko gaskiya ne filashin waya yana kashe idon jariri. A gidajen suna har kakanni na rufe fuskar jika da gefen mayafi. Abin da ya rura wutar wani labari ne da aka yaɗa daga ƙasar Sin a 2015, wai filashi ya makantar da ɗan wata 3. Likitocin ido sun ƙaryata shi tun a lokacin, amma har gobe yana yawo a WhatsApp.

Ku saurara, iyaye. Fitilar da likita ke haskawa cikin idon bakwaini don duba shi ta fi filashin wayarku ƙarfi, ta kuma fi shi daɗewa a kan ido. Iyakar abin da filashi zai yi wa jariri shi ne ya sa shi ƙifta ido ko ya tsorata. In da gaske idon ake tausayi, a daina rambaɗa masa kwalli, domin an sha samun gubar dalma a cikinsa.

Hasali ma filashi kan ceci ido. Ku duba hotunan yaranku da kyau. Idan tsakiyar ido ɗaya ta fito fara fat maimakon ja ko baƙa, kar a ce laifin waya ne. Tana iya zama yanar ido, tana iya zama sankarar ido ta yara, wadda ke kisa in an yi jinkiri. A kai yaron sashen ido na Asibitin Koyarwa na Tamale cikin makon nan. Kar a ɗiga masa nono, kar a ɗiga ruwan ganye, kar a ce sai an yaye shi. Cikin makon nan na ce.

Cutar da waya ke yi wa yaro a wani wuri take. A 1975 wani mai bincike, Edward Tronick, a Amurka ya nuna abin da ke faruwa in uwa ta daskarar da fuska a gaban jaririnta na 'yan mintuna: ya yi murmushi, ya miƙa hannu, ya kau da kai, sannan ya fashe da kuka. To, ranar bikin Damba ko Sallah, yaro na rawa yana neman idon babansa, bayan waya kawai yake gani, ana ce masa, "Sake yi, bai fito ba!"

Ɗauki hoto biyu ko uku, ka sa wayar a aljihu, ka tafa masa. In ya ce ba ya so, ƙyale shi. Hoton wanka tsirara kuwa kar a ɗauka ma. Dokar tsaron intanet ta Gana ta 2020 ta tanadi hukunci mai tsanani kan hotunan batsa na yara, kuma abin da kika sa a sitatus ya bar hannunki. Makarantun da ke watsa hotunan ɗalibai a Facebook, da suna da tambarin makaranta a ƙirji, wa ya ba ku izini? Ku tambayi iyaye tukuna, in sun ƙi ku sauke.