Ƙarar Bawul Bayan Garambawul: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

Motar gunduma dukiyar jama'a ce, amanarta kuwa tana wuyan Hakimi. In injinta ya gaji akan kai ta wurin bakanike ya sauke shi, ya sake ringi da mital da gasket, ya goge bawul, sa'an nan ya ɗaura. Wannan aiki shi ake kira garambawul, asalin kalmar ma daga gugar bawul ɗin nan ta fito. Bayan an karɓo mota, direba yakan lallaɓa ta har mil 500, watau kilomita 800, domin sababbin ƙarafa su saba da juna. To, sau da yawa a daidai wannan lokaci ne akan fara jin wata 'yar ƙara, ƙyas-ƙyas-ƙyas, daga saman inji. Direba ya ce bakanike ya yi ha'inci, bakanike ya ce ba kome. Hakimi ne zai raba gardama, ya ce a ci gaba da rangadi ko a tsai da mota, a biya cikon kuɗin aiki ko a dakata. An rubuta wannan takarda domin ya yi hukunci bisa awo.

YADDA BAWUL KE AIKI

Ko wace silinda tana da ƙofar shigar iska da mai, da ƙofar fitar hayaƙi. Murafen ƙofofin nan su ne bawul. Wani dogon ƙarfe mai tozaye, wanda kanikawa ke kira kamshaf, shi ke buɗe su. A injuna irin na tsohuwar Land Rover da Peugeot 504, tozon kamshaf yana ɗaga tafet, tafet ya tura wata siririyar sanda, sandar ta ɗaga roka, roka kuma ya danna kan bawul.

Ƙarfe yana miƙewa in ya yi zafi. Saboda haka masu ƙera inji suka bar 'yar rata tsakanin roka da kan bawul. A injin fetur na Land Rover mai lita biyu da kwata, wanda aka fara fitarwa a 1958, ratar ita ce kashi 10 cikin 1,000 na inci, watau milimita 0.25, ga dukan bawul takwas. A injin Toyota 22R kuwa milimita 0.20 ce ga na shiga, 0.30 ga na fita, inji yana da zafi. Kun ga ke nan ko wane inji da nasa lissafi, yana nan rubuce cikin littafin motar. Kada a yarda da awon ido.

DALILIN DA RATA KE SAKEWA

Sabon gasket yakan lotsa kaɗan bayan ya sha zafi da sanyi. Bawul da aka goge yakan ƙara zama cikin mazauninsa, bakin roka da kan sanda su ma su goge juna. Duk wannan yana taɓa rata. Shi ya sa a tsofaffin injuna da yawa aka shar'anta, in an cika mil 500, a juye baƙin mai, a sake filta, a ƙara ɗaure notocin tof silinda, sa'an nan a daidaita bawul. A lura da jerin: ɗauri tukuna, daidaitawa daga baya, gama ɗaurin yana sauko da tof silinda, ya rage ratar. Injunan zamani da yawa ba a sake ɗaure notocinsu, littafin mota ne zai faɗa.

MATAKI NA FARKO: SAURARE

Abin da zai taimake ku ƙwarai shi ne sanin cewa kamshaf yana juyi ɗaya ne duk sa'ad da kiranshaf ya yi biyu. In inji yana silo, yana juyi 600 a minti, bawul guda zai buɗe sau 300, watau sau 5 a daƙiƙa. Don haka ƙarar bawul guda siririya ce, a jere take, har mutum yana iya binta da yatsa, tana kuwa ƙara sauri in an taka totur.

A sami doguwar sukundireba ko sanda busasshiya, a ɗora bakinta bisa murfin roka, a kara ƙotar a kunne, a bi daga gaba zuwa baya. Inda ƙarar ta fi ƙarfi, nan ciwon yake. Amma fa mai babbar riga ya naɗe hannunta, mai rawani ya ja da baya, domin fanka da fanbel ba su san sarauta ba.

Akwai ƙararraki huɗu da akan ɗauka na bawul ne alhali ba su ba ne:

1. In gasket na bakin salansa yana yoyo, yakan yi tsit-tsit da safe, ya ragu in inji ya yi zafi. A duba za a ga baƙin hayaƙi a wurin.
2. In ƙarar kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani ce, ba ta fitowa sai a hawan tudu ko da kaya, to, lokacin wuta ne bai daidaita ba, ko kuwa fetur ba shi da kyau.
3. In fistin ya yi wa silinda kaɗan, yakan yi ƙwal-ƙwal inji yana da sanyi, ya lafa in ya ɗumama.
4. In ƙarar mai nauyi ce, daga ƙasa take, tana ƙaruwa in an taka totur, musamman in fitilar baƙin mai tana ƙiftawa, wannan mital ne. A kashe mota nan take, a jawo ta. In an ci gaba da tafiya inji zai buga.

A tsohon injin fetur bakanike yana iya cire wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya. In ƙarar ta ragu da cire wata waya, daga fistin ko mital na wannan silinda take. Ƙarar bawul ba ruwanta da wuta, ba ta sakewa.

MATAKI NA BIYU: DUBAWA DA AWO

In an tabbata daga sama take, sai a buɗe murfin roka. A fara duban baƙin mai. Inji yana silo, ya kamata a ga mai yana tsattsafowa daga ko wane roka. In wani a bushe yake, ko dai hanyar mai ta toshe da datti ko gam, ko kuwa an ɗaura wani abu a juye. Daidaita rata ba ta maganin wannan.

Sa'an nan a kashe inji a auna rata da ma'aunin nan mai siraran ƙarafa kamar wuƙaƙe, wanda kanikawa ke ce wa fila. A injin Land Rover da muka ambata akwai hanya mai sauƙi, ta lissafin tara. A ƙidaya bawul daga gaba, 1 zuwa 8. A juya inji da hannu har na 8 ya buɗe sarai, sai a auna na 1. In na 7 ya buɗe a auna na 2, in na 6 ne a auna na 3, haka har a gama, kullum jimlar biyun tara. Ma'auni ya shige da ɗan jan hannu, ba sakwaf ba, ba kuwa da tilas ba.

A nan aikin Malamin Hakimi yake. Ya tsaya da littafin mota, ya rubuta kwanan wata, da mil ɗin da mota ta yi, da ratar ko wane bawul yadda aka same ta kafin a taɓa. Bayan an daidaita, a yi tafiyar mil 200 ko 300, a sake aunawa, ya sake rubutawa. Awo na biyun nan shi ne shaida.

ABIN DA AWO KE NUNAWA

In ratar ta tsaya inda aka sa ta, ƙara kuma ta tafi, ba laifi, zaman sabon inji ne kawai. A biya bakanike haƙƙinsa.

In ratar bawul guda ta sake buɗewa, an matse ta ta kuma buɗewa, to, wani ƙarfe ne ke cinyewa, galibi tozon kamshaf da tafet ɗinsa, ko kuwa sanda ta lanƙwashe. Sanda ana gane ta in an mirgina ta bisa gilashi. A injunan da gindin tafet ɗinsu shimfiɗaɗɗe ne, sabon kamshaf yana bukatar a shafa masa man ɗauri, a kuma riƙe inji wajen juyi 2,000 a minti har minti 20 a tashin farko. In an bar shi yana silo, ko an haɗa tsohon tafet da sabon kamshaf, tozo yakan cinye da wuri. A juye baƙin mai cikin kwano mai tsabta a duba shi a rana. In an ga garin ƙarfe yana ƙyalli, a tsai da mota, gama garin nan zai bi mai ya ɓata sababbin mital.

In awo ya nuna daidai amma ƙara tana nan, a cire roka a dubi bakinsa. Tsohon roka yakan yi 'yar kwarmi, ma'auni ya haye bisa kwarmin ya ba da labarin ƙarya. Sai a goge bakin ko a sake shi.

In ratar raguwa take yi, bawul ne ke nutsewa cikin mazauninsa. Wannan yakan sami tsofaffin injuna da aka ƙera domin fetur mai dalma, wanda ƙasashen Afirka na kudu da Sahara suka daina sayarwa tun farkon 2006. Maganinsa a dasa mazauni mai tauri.

Motocin zamani da yawa suna da tafet mai daidaita kansa da ƙarfin baƙin mai. Irin wannan in ya yi ƙara 'yan daƙiƙoƙi da safe ya daina, ba kome. In ya ci gaba bayan inji ya yi zafi, a auna ƙarfin mai, a dubi irin man da aka zuba.

GARGAƊI

Akwai direbobin da kan matsa wa bakanike ya ƙulle bawul har ƙara ta ɓace ɗungum, don a ce motarsu ba ta da hayaniya. Wannan kuskure ne babba. Bawul na fitar hayaƙi yana huce zafinsa ne a lokacin da ya zauna bisa mazauninsa. In ba rata, ba zai rufe sosai ba, wuta ta riƙa bi ta gefensa har ta ƙone shi. Sai mota ta rasa ƙarfi, ta yi wuyar tashi, a koma buɗe tof silinda. Bawul mai 'yar ƙara kunne kawai yake damu, wanda aka ƙulle kuwa aljihun gunduma zai taɓa.

ABIN DA ZA A TUNA

1. Tun kafin a ba da aiki a yi sharaɗi da bakanike cewa dubawar mil 500 tana cikin jinga, a kuma riƙe wani abu daga kuɗin sai an yi ta.
2. Ƙara mai nauyi daga ƙasa, ko roka busasshe, ko garin ƙarfe cikin mai: a tsai da mota.
3. Kada a daidaita bawul sai da ma'auni da lissafin littafin motar.
4. Malami ya rubuta awo sau biyu, Hakimi ya duba ya sa hannu.

Ana roƙon Hakimai su sa a karanta wa direbobinsu wannan takarda, a kuma ajiye ta tare da littafin mota.