Fataken Gwanja Da Riƙon Kuɗi A Hanya

Kowa a cikinmu ya san goro, amma ba kowa ya san irin lissafin da a ke yi a zamanin da kafin ƙwaya ɗaya ta iso kasuwar Kano ba. Mafi yawan goron da a ke ci a ƙasar Hausa a wancan zamani daga kurmin Asante ya ke fitowa, watau ƙasar mutanen da Hausawa ke kira Tonawa. Su kan kawo shi Salaga, babbar kasuwar ƙasar Gwanja, a arewacin ƙasar da yanzu a ke kira Gana, can fatakenmu ke zuwa su saye. Zuwa da komowa ya kan ci wata 6, wani lokaci har shekara guda.

To, ga tambayar da za mu bincika. Mutum ya bar gidansa tsawon wannan lokaci, babu banki, babu gidan waya, kullum sai ya ci, sai dabbobinsa sun ci, ga sarakunan hanya kowa na jiran rabonsa. Ƙaƙa ya ke yi har ya komo da riba? Amsar ita ce, falke na ƙwarai ba ya cin uwar kuɗinsa. Hanya ita ke ciyad da shi, jari kuwa sai ya kai inda aka nufa da shi. Sauran maganar duka bayanin wannan ne.

Ayari da shugabanninsa

Fatake ba su tafiya ɗai ɗai, gama hanya da nisa, ga mahara. Su kan taru su yi ayari, su tashi bayan ruwa ya ɗauke, rafuka sun janye. Wata hanyar da suka saba bi ita ce daga Kano su nufi yamma, su ƙetare Kwara wajen Yawuri, su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta Sansanin Mango da Yandi, sa'an nan su sauka Salaga. Waɗanda suka fi shahara da wannan fatauci su ne Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. A cikin shekara ta 1826 wani Baturen Ingila, Clapperton, ya gamu da irin wannan ayari a Kayama, cikin Bargu, yana komowa daga Gwanja za shi Kano. Ya ƙiyasta mutanensa sun fi 1,000, maza da mata, dabbobin kaya kuma kamar haka.

Shugaban ayari shi ne madugu. Akwai jagaba, mai shiga gaba ya duba hanya da zango, da uban dawaki, da malamin ayari wanda ke rubuta wasiƙu da lissafi, ya kuma yi addu'a. Ya wajaba mu faɗi abu ɗaya a nan don kada mu yi wa tarihi ado: da yawa cikin masu ɗaukar kaya bayi ne, har waɗansu ma su kansu hajja ne da a ke kaiwa kasuwa. Wannan mugun abu ne, ya wuce, ba ya cikin abin da za mu yi koyi da shi.

Dalilin da ya sa ba a ɗaukar kuɗi

Kuɗin zamanin nan wuri ne, wuri kuwa nauyi gare shi. Wuri 20,000 shi ne keso ɗaya, keso ɗaya kuwa kayan ƙato guda ne. Sa'ad da Barth, Baturen Jamus wanda aka sani da suna Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya tarar a kan musanya liyari ɗaya na azurfa da wuri 2,500. Kun ga ke nan keso guda liyari 8 ne kacal. Ya kuma ce kayan jaki ɗaya na goro, in ya iso lafiya, a kan sayar da shi wajen wuri 200,000. Ku raba 200,000 da 20,000, za ku sami 10. Watau abin da jaki ɗaya ya ɗauko, in aka mai da shi wuri, sai mutum 10 sun taru su ke ɗaukar kuɗinsa. Su mutum 10 ɗin nan kuwa ko wanne da cikinsa. Wanda ya ce zai ɗauki wuri daga Kano har Salaga, kafin ya isa 'yan dako sun cinye kuɗin da su ke ɗauke da shi.

Don haka falke ya kan mai da dukiyarsa hajja tun daga gida. Ya kan sayi kanwa, da turkuɗi, da riguna, da jar fata, da takalma, da gabu, watau busasshiyar albasa, da duwatsun ado, da dabbobi. Dabba ta fi wuri sauƙi, gama da ƙafarta ta ke tafiya. Wajen zaɓen hajja abu biyu ya ke dubawa. Akwai manyan kaya, waɗanda ba za a kwance su ba sai Salaga, su ne uwar kuɗi. Akwai kuma ƙananan kaya masu saurin fita, irin su kanwa da gabu, waɗanda ko a wane ƙauye za a sami mai so, su ne guzuri. Ba a cuɗanya biyun nan. Masu magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, to, wannan rabon tun a gida a ke yinsa.

Neman na abinci a hanya

Ayari ya kan tashi da sassafe, ya sauka zango kafin rana ta take. Da an sauke kaya, zango ya zama kasuwa. Mutanen gari su kawo hatsi da itace da nono, fatake su ba da 'yar kanwa ko allura ko tsakiya. A manyan kasuwannin hanya kuwa a kan kwana da yawa, a sayar da abin da ke da tsada a nan, a sayi wanda zai yi tsada a gaba. Da haka kaya guda ya kan juya sau biyu ko sau uku kafin a isa.

Bayan wannan, mai sana'a ba ya barin sana'arsa a gida. Maɗinki na tafe da allurarsa, wanzami da zabirarsa, baduku na gyaran takalma da mangala, malami na rubutu, mata na dafa tuwo su dama fura su sayar wa gwauraye. Yaron da ba shi da jari ya kan fara da kora wa wani jakai, a bar shi ya ɗora ɗan ƙunshinsa bisa kaya, da ribar ƙunshin nan ya ke tara nasa jarin sannu sannu.

Ga misali don mu ga amfanin haka da alƙalami. A ƙaddara mutum biyu, ko wanne da hajja ta wuri 100,000. A ƙaddara kuma ko wanne ya kan ɓad da wuri 300 kullum, tafiya kuwa kwana 90. Na farko ba shi da sana'a, daga hajja ya ke ci, kafin ya isa ya ci 27,000, saura 73,000. Na biyu ya iya ɗinki, yana samun 200 kullum, sabo da haka 9,000 kaɗai ya taɓa, saura 91,000. Bambancinsu 18,000 ne, kusan keso guda. Ba nan kaɗai abin ya tsaya ba, gama ko wane wurin da aka ci a hanya, an ci shi ne har da ribar goron da zai sayo.

Fito da gaisuwa

Ko wane sarkin da aka ratsa ƙasarsa yana karɓar fito, masu jirgin ruwa kuma suna karɓar nasu a mashigi. Ba kowa ke zuwa ya yi ciniki da sarki ba. Madugu shi ke zuwa da gaisuwa, ya yi magana da bakin ayari duka, in an shirya a kan abin da za a biya, sai a raba wa kowa gwargwadon yawan kayansa. Kun ga amfanin tafiya cikin jama'a: abin da za a tsananta wa mutum ɗaya, a kan sassauta wa dubu, don sarki ma ba ya so ayari ya sake hanya baɗi. Falke mai hankali ya kan lissafa fito cikin tsadar kayansa tun bai tashi ba, ba ya kuwa ratse daji don gudun biya. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Mai gida

In an isa Salaga, kowa ya kan sauka wurin mai gidansa, wanda waɗansu ke kira fatoma. Shi ke ba baƙo ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya yi masa tafinta. In ciniki ya faɗa ya karɓi la'ada. In za a ba da kaya bashi, shi ke tsayawa, gama shi ya san mai biya da mai tsere. Baƙo ko da idonsa makaho ne, la'adar nan kuwa kuɗin idon da ya ara ne. Amma zama a Salaga tsada gare shi, har ruwan sha saye a ke yi da rani. Don haka wanda ya daɗe yana jiran kasuwa ta ƙara tashi, sau da yawa abin da ya ci a zaune ya kan fi ƙarin da ya samu.

Komowa gida

Goro a kan ƙidaya shi da ƙwarya, ƙwarya ɗaya goro 100. A kan naɗe shi cikin ganye mai laima, a kai a kai kuwa sai an kwance, a yayyafa ruwa, a tsince wanda sankara ta kama don kada ya ɓata sauran. Wannan ma riƙon kuɗi ne, gama yanzu dukiyar falke duka tana cikin huhu. Barth ya ƙiyasta kayan jaki fiye da 500 ke shiga Kano ko wace shekara. Falke ba ya cewa ya ci riba sai ya sayar, ya fid da uwar kuɗi, ya biya waɗanda suka ba shi kaya bashi ko saƙo, ya fid da kuɗin jakan da suka mutu a hanya. Abin da ya ragu bayan wannan shi ne nasa.

Da zamani ya juya

A 1874 Ingilishi suka ci Kumasi da yaƙi, ikon Tonawa a kan Gwanja ya raunana. A 1892 kuma yaƙin basasa ya watsa Salaga, 'yan kasuwa suka koma Kete Krachi da waɗansu garuruwa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Ayarin jakai ya mutu, amma lissafinsa bai mutu ba. Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 cikin zuriyar Agalawa, ya yi fataucin goro tun yana saurayi, ya zauna Ankara, ya riƙa aika goro Ikko ta jirgin ruwa, daga baya ya shiga sayen gyaɗa a Kano. Ana ba da labari, da aka buɗe banki a Kano a 1929, raƙumi 20 suka kai masa azurfarsa ajiya. Ya rasu a 1955. Hanya ta sake, hajja ta sake, shi kuwa bai bar jarinsa ya narke ba.

Abin koyi

Yau wanda ya tashi daga Kano za shi Kumasi da mota, ta Binin da Togo, kuɗi iri uku zai taɓa, naira da sefa da sidi, ko wane canji kuwa da abin da ya ke ragewa. Nauyin wuri ya tafi, amma kuɗi ba su bar zuba a hanya ba. Sabo da haka ko fatauci za ka, ko ziyara, ko hutu, ko kuwa an tura ka koyarwa wani gari mai nisa, ga abin da fatake suka bar maka. Ka raba kuɗinka tun a gida, na jari dabam, na guzuri dabam, na komowa dabam, kada kuwa ka taɓa na komowa. Ka lissafa kuɗin hanya duka kafin ka tashi. Ka tafi da sana'ar hannunka. Ka nemi amintaccen ɗan gari, kada ka ji ƙyashin la'adarsa. Ka rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita ko wace rana.

Mu da za mu tsaya gaban yara gobe, wannan labari zai yi mana darasin lissafi da na labarin ƙasa gaba ɗaya. A sa su zana hanyar a taswira, sa'an nan a tambaye su: in liyari ɗaya wuri 2,500 ne, kayan jaki 6 na goro liyari nawa ne, mutum nawa kuma za su ɗauki kuɗinsa in wuri ne? Yaron da ya sami 480 da 60, ya kuma iya faɗin dalilin da ya hana falke ɗaukar wuri, ya fahimci darasin.